Shirin ɗaukar hoton jariri a gida: wace rana, kuma da wane tanadi?

Yayar Maijego:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari ce, kuma lissafin asibiti ya nuna ƙarshen watan Disamba. Mijinta yana aiki a ƙasar waje, ba zai samu zuwa ba sai bayan suna da makonni, saboda haka ya roƙi a kira mai hoto har gida a ɗauki jaririn tun yana ɗanye, irin hotunan nan da ake naɗe yaro a zane yana barci. A gidanmu ba a taɓa yin haka ba, hoton da muka sani shi ne na taron suna. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi da kuma ma'aikatan lafiya da ke cikinmu: wace rana ce ta fi dacewa, me za mu tanada a ɗaki, kuma me ya kamata mu tambayi mai hoton kafin mu ba da kafin alƙalami? A Kano muke, kun kuwa san yadda hunturu yake a wannan lokaci.

Mai Hoto Zariya:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah Ya sauke ta lafiya. Wannan ita ce sana'ata, don haka bari in fara da maganar rana. Masu ɗaukar irin wannan hoto sun fi son tsakanin kwana 5 zuwa 14 da haihuwa, domin a lokacin jariri yana yawan barci mai nauyi, kuma jikinsa bai saki naɗewar da ya saba da ita a ciki ba, yana dunƙule hannu da ƙafa da kansa ba tare da an tilasta shi ba. Da ya wuce mako biyu zuwa uku sai ya fara miƙewa, ya riƙa farkawa da ƙaramin motsi, wasu kuma ƙananan ƙuraje kan fito musu a fuska, waɗanda ba ciwo ba ne amma suna fitowa a hoto.

Sai dai mu a nan akwai abin da lissafin Turawa bai sani ba, wato ranar bakwai. Ranar suna gida cike yake tun asuba, ga aski, ga 'yan barka, ga maijego da ba ta samu ko runtsawa ba. Ban taɓa ba kowa shawarar a haɗa hoton jariri da taron suna ba, domin aikin yana cin awa biyu zuwa huɗu, kuma mafi yawan lokacin yana tafiya ne a shayarwa da lallashi da canza famfas. Idan kuna son a ga gashin da aka haife shi da shi, to ku sa ranar biyar ko ta shida, kafin wanzami ya zo. Idan gashin bai dame ku ba, ranar tara ko ta goma ta fi sauƙi, lokacin baƙi sun ragu. Kuma kada ku tsayar da kwanan wata tun yanzu. Ku yi magana da mai hoton a kan cewa za ku kira shi bayan an haihu, saboda haihuwa ba ta bin takardar asibiti.

Hajiya Kaka:
Ni dai 'ya'yana, ku yi mini uzuri, ban ga dalilin wannan gaggawa ba. Yaron da cibiyarsa ba ta faɗi ba, a ce za a tuɓe shi ana juya shi a cikin sanyin Disamba domin hoto? Uwar kuma tana fama da wankan jego safe da yamma, jikinta bai dawo ba. A zamaninmu sai an yi arba'in ake fita da yaro, a lokacin ya yi ɓulɓul, ya buɗe ido, uwar ta murmure. Idan uban yana son ganin ɗansa, ai ga waya nan, a ɗauka a tura masa. Sannan ku tuna haihuwar fari ce. Yarinyar nan a gaban iyayenta take, za ta iya rungume ɗan fari tana kallon kyamara alhali mahaifinta yana tsakar gida? Ku tambaye ta tukuna, kada a sa ta abin da za ta ji nauyinsa.

Anti Nas:
Hajiya, Allah Ya ƙara girma, maganarki a kan sanyi da cibiya tana kan hanya, kuma ita nake so in faɗaɗa, domin a ɗakin jarirai nake aiki. Jariri yana rasa ɗumin jikinsa da sauri fiye da babba, musamman ta kai, kuma ba ya iya karkarwa ya ɗumama kansa yadda mu muke yi. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar ɗakin da ake karɓar haihuwa ya kasance tsakanin digiri 25 da 28, kuma duk ɗakin da za a cire wa jariri kaya bai kamata ya gaza haka ba. A safiyar hunturu a Kano ɗaki yana iya sauka ƙasa da wannan sosai. Saboda haka idan har za a yi, a rufe tagogi tun dare, a ɗumama ɗakin kafin a fara, a riƙa taɓa ƙirjinsa da bayan wuyansa. Idan suka yi sanyi, ko fatarsa ta yi dabbare-dabbare, a tsaya, a mayar da shi ƙirjin uwarsa a lulluɓe su tare.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a shigar da kaskon gawayi ɗakin da aka rufe don a ɗumama shi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma ita ce irin wadda janareto ke fitarwa. Tana kashe manya, balle jaririn kwana shida. Idan hita ta lantarki za a kunna, a ajiye ta nesa da yaro da kuma zannuwa, janareton kuma ya kasance a fili, nesa da taga. Turaren wuta ma a ɗaga masa ƙafa a wannan rana, domin hayaƙinsa yana damun numfashin jariri.

Game da cibiya, takan faɗi da kanta tsakanin mako ɗaya zuwa uku. Kada kowa ya ja ta, ko ya gasa ta, ko ya shafa mata wani abu don ta faɗi kafin ranar hoto. Maganin da aka amince da shi a asibitocinmu shi ne man chlorhexidine da ake bayarwa bayan haihuwa, shi kaɗai. Mai hoton da ya san aikinsa zai rufe wurin da zane, ba wanda zai gani.

Mai Hoto Zariya:
Anti ta gama magana. In ƙara da cewa ba dole ba ne a tuɓe yaro. Mafi yawan hotunan da nake ɗauka a hunturu a naɗe suke, da famfas da 'yar shimi a ciki, zane a waje, fuska da yatsu kawai ake gani. Sun fi sauƙi, yaro ya fi samun natsuwa, kuma babu maganar tsiraici. Shawarar Hajiya ta arba'in ma ba ta rushe komai ba, hoton ne kawai zai zama iri dabam: ido a buɗe, yaro a hannun uwa ko a kwance a gado. Ga wadda aka yi wa aikin tiyata wurin haihuwa, ko jaririn da ya zo bakwaini, ko wanda aka kwantar a asibiti, ni da kaina nake cewa a jira sai likita ya ce babu damuwa.

Baban Sadiq:
Ina da tambaya ga Malama mai hoto. Akwai hotunan da muke gani a Instagram, jariri ya tallabe haɓarsa da hannu biyu kamar mai tunani, ko an rataye shi a cikin zane a jikin reshe. Maiɗakina ta nuna mini tana so, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Yaya ake yin su?

Mai Hoto Zariya:
Malam, hankalinka ya yi daidai. Waɗannan hotuna ba guda ɗaya ba ne, haɗi ne. A na tagumin, ana ɗaukar hoto na farko wani babba yana riƙe da kan yaron ta sama, a ɗauki na biyu yana riƙe da wuyan hannayensa ta ƙasa, sannan a haɗa su a kwamfuta a goge hannun babban. Ko daƙiƙa ɗaya ba a sakin yaron. Na ratayen kuma yaro a kwance yake a kan shimfiɗa, ko hannun mutum yana ƙarƙashinsa, reshen daga baya ake ɗora shi. Haɗarin yana wurin wanda ya ga hoton bai san sirrin ba, ya zo ya gwada da gaske. Wuyan jariri ba ya ɗaukar nauyin kansa, kuma idan haɓarsa ta danne ƙirjinsa hanyar numfashi tana iya matsewa ba tare da ya yi kuka ba.

Don haka Yaya, ga tambayar farko da za ki yi wa duk mai hoton da kuka samu: ki nuna masa hoton tagumin, ki ce ya bayyana miki yadda ake yi. Idan ya ce ai dabara ce ta daidaita yaro har ya tsaya da kansa, ki yi masa godiya ki nemi wani. Wanda ya ƙware a hoton biki ba lallai ne ya iya riƙe jariri ba. Ki tambaye shi ko ya taɓa yi, ya nuna miki aikinsa, ya gaya miki wa zai tsaya kusa da yaro yayin da hannunsa ke kan kyamara. Idan ba shi da mataimaki, ke ce za ki zauna dab da yaron, hannunki bai fi taƙi ɗaya daga jikinsa ba. Kada a ɗora kwandon da ake kwantar da yaro a ciki a kan tebur ko kujera, komai a ƙasa ake yi. Idan zai ɗauka daga sama, igiyar kyamara ta kasance a wuyansa.

Maman 'Yan Biyu:
Mun yi wa namu, kuma abin da ya fi taimaka mana shi ne shirin daren jajibiri. Mun wanke duk zannuwan da za a yi amfani da su, har sababbi, da sabulu marar ƙamshi, muka shanya su a ɗaki saboda ƙurar hunturu. Mun tanadi famfas da yawa, tsummoki masu laushi, leda a ƙarƙashin bargo, da ruwan ɗumi a fulas, domin yaro zai yi fitsari ko kashi a tsakiyar aiki, babu makawa. Da safe muka sa musu kaya masu maɓalli a gaba, waɗanda ba sai an cire ta kai ba, don kada a tashe su. Aka shayar da su suka ƙoshi dab da farawa, aka sa su suka yi gyatsa.

Ina so in ja hankali a kan uwar. Kowa yana ta yaro, ana mantawa da ita. A ajiye mata kununta da ruwan sha a kusa, a ba ta wurin jingina, kada a ce sai ta yi kwalliyar awa biyu. Atamfa ɗaya mai sauƙin shayarwa da ɗankwali sun isa. Kuma a sallami 'yan kallo. Mutum uku a ɗaki sun wadatar: uwa, mai hoto, da mai taimako.

Anti Nas:
Na ji daɗin maganar gyatsa da ƙoshi, amma in gyara wani abu da nake ji ana faɗa a wasu wurare, cewa a hana yaro nono ko a hana shi barci na awanni don ya yi barci mai nauyi lokacin hoto. Kada a yi. Jariri yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kuma duk lokacin da ya nema a ba shi, ko da kyamara tana jira. Kada kuma a ba shi ruwa, ko zuma, ko wani jiƙo, ko maganin mura don ya yi shiru. Zuma musamman ba a ba yaron da bai shekara ba.

Sai maganar ciwon shawara, wanda ke sa fata da ido su yi rawaya. Tana yawan bayyana a kwana na biyu zuwa na huɗu, wato dab da ranakun da ake maganar ɗaukar hoto. Mai hoto yana iya goge ruwan ɗorawar da ke fatar yaro a kwamfuta, hoto ya fito tas, amma ciwon yana nan. Yaya, tunda za ku kai shi kusa da taga domin haske, ku yi amfani da damar ku duba farin idonsa da dasashinsa, ku danna goshinsa a hankali ku ga launin da zai bayyana. Idan kun ga rawaya, musamman ta sauko ciki da ƙafafu, ko yaro ya yi laushi ya ƙi kama nono, to ranar ta asibiti ce, a ɗage hoton. Yaron da ya cika barci har ba ya tashi cin abinci ba abin murna ba ne ga mai hoto, alama ce da ke buƙatar likita. Haka nan duk wanda zai taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, kuma mai mura ko mai ƙurajen zazzaɓi a leɓe kada ya shigo, ko da shi ne mai hoton. Ƙwayar cutar da ke kawo waɗannan ƙuraje tana yi wa jarirai mummunan lahani.

Ummu Hanifa:
To Anti, kwalli fa? A wurinmu ba a ganin jariri ya yi kyau sai an zizara masa kwalli an ja masa gira, kuma iyayenmu suna cewa yana wanke ido. Idan mace ce ma wasu har lalle suke ɗiga mata a tafin hannu saboda hoto.

Anti Nas:
'Yar'uwa, na san wannan magana tana da nauyi, domin kusan dukkanmu da kwalli aka raine mu. Amma kwallin dutse da ake niƙawa yawancinsa ma'adinin dalma ne. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, aka bi sawu aka gano daga kwallin da aka kai daga gida ne, wanda da aka auna shi aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, haka take shiga. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba. Lalle kuma yana iya farfasa jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin wani sinadari a jajayen ƙwayoyin jininsa, matsalar da take da yawa a ƙasashenmu, kuma ba a gane mai ita da ido. Baƙin lalle na kanti ya fi muni saboda rinin da ake zuba masa. A bar fuskarsa yadda Allah Ya yi ta. Ko saɓar da fatarsa ke yi a makon farko ba ta buƙatar hoda, kuma kada a ɓare ta.

Hajiya Kaka:
Maganar kwalli ta shige ni, ban taɓa jin haka ba, kuma zan faɗa wa surukaina. Amma har yanzu ina nan a kan batun kunya, ba wanda ya amsa mini.

Yayar Maijego:
Hajiya, na tambaye ta kamar yadda kika ce. Ta ce tana son hoto ɗaya da ita da yaron saboda mijinta da kuma shi yaron idan ya girma, amma ba za ta iya a gaban Baba ko ƙannensa ba, kuma ba ta yarda namiji ya shigo mata ɗaki tana jego ba. Saboda haka mace za mu nema, a yi a ɗakin Inna da hantsi bayan maza sun fita.

Malam Na Ƙofar Mata:
Wannan tsari ya yi kyau, ya kiyaye mutuncin kowa. Ni abin da nake so a tattauna shi ne inda hoton zai je bayan an ɗauka. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, kowa ya bi wanda ya natsu da fatawarsa, ba wannan ne wurin warware shi ba. Amma babu saɓani a kan cewa kambun baka gaskiya ne, kuma ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana nema wa Hasan da Husaini tsari da cikakkun kalmomin Allah daga kowane shaiɗan da abu mai dafi da kowane ido mai cutarwa. A riƙa yi wa yaro wannan addu'a. Sannan a yi tunani kafin a watsa hotonsa. Yaron nan ba a nemi izininsa ba, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Hoton da babu sutura a jikinsa kada ya fita daga wayar iyayensa, in ma an ɗauka. Kada a haɗa da takardar asibiti, ko abin hannun da ke ɗauke da sunan uwa, ko wani abu da ke nuna unguwa da gida.

Baban Sadiq:
Allah Ya saka da alheri Malam. A nan ne nake ganin ake samun matsala da masu hoto, domin da yawansu suna ɗora aikinsu a shafukansu don talla ba tare da sun tambaya ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin gidansa ikon hana a yaɗa shi, sai fa idan an yi yarjejeniya a kan akasin haka. Saboda haka a karanta duk takardar da mai hoto ya kawo kafin a sa hannu, kuma ko babu takarda a rubuta masa a saƙon WhatsApp cewa ba a yarda a wallafa ba, ya amsa, a ajiye amsar. A cikin saƙon a haɗa da kuɗin aiki, yawan hotunan da zai gyara, ranar da zai kawo su, da abin da zai faru da kafin alƙalami idan rashin lafiya ta sa aka ɗage.

Ummu Hanifa:
Ga waɗanda ba su da halin ɗaukar mai hoto fa, ko suke garin da babu mace mai wannan sana'a? Waya za ta iya?

Mai Hoto Zariya:
Za ta iya ƙwarai, domin haske ne ke yin hoto fiye da tsadar na'ura. Ki zaɓi ɗakin da ke da babbar taga, tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe, lokacin da gari ya ɗan yi ɗumi. Kada rana ta faɗo kan yaro kai tsaye; idan tana shigowa, ki saki farin labule marar kauri, shi zai tausasa ta. Hazon hunturu ma yana taimakawa a nan, domin yana rage kaifin rana. Ki kashe ƙwan lantarki, saboda haɗuwar haskensa da na taga tana ɓata launin fata, ki kashe filasha kuma, don tana firgita yaro tana kuma daskarar da fuska. Ki shimfiɗa katifa mai tauri a ƙasa kusa da tagar, ki ja bargo marar zane-zane a kai har ya miƙe babu tattara. Ki kwantar da shi a rigingine yadda hasken zai zo daga wajen kansa ya gangaro zuwa haɓa, a ɗan karkace, kada ya zo daga wajen ƙafafu. Ki goge gilashin kyamarar, ki matso da kanki maimakon jawo hoton da yatsa, ki riƙe wayar da hannu biyu idan kina samansa.

Kayan ado kuwa ba sai an sayo na waje ba. Zanen saƙi na kakarsa, ko gwado, ko sabuwar tabarma a ƙarƙashin shimfiɗa, sun fi kwandunan da kowa ke amfani da su ma'ana a wurinmu. Sai dai saƙi yana da kaushi, a sa zane mai laushi tsakaninsa da fatar yaro, kuma a guji duk abin da ke da duwatsu ko ƙyalƙyali ko zare mai tsawo da zai iya naɗe yatsa ko wuya. Kada ki manta da ƙananan abubuwa: tafin ƙafa a cikin hannun uwa, yatsunsa riƙe da yatsan kakarsa, kunne, makwancin gashi. Waɗannan ba sa buƙatar a motsa shi ko kaɗan, kuma ga mai jin nauyin nuna fuskarta, hannunta kaɗai ya isa ya shiga hoton. Idan akwai yayye ƙanana a gidan da ake so su fito, a fara da su tun ba su gaji ba, a kwantar da su a gefensa a kan katifa, kada a ba ɗan shekara uku ya ɗauke shi a tsaye.

Anti Nas:
Ƙari ɗaya a kan kwanciya. Idan an kifa shi a kan cikinsa don hoto, na ɗan lokaci ne, ido a kansa, fuskarsa a juye gefe, hanci a buɗe. Da an gama a cire hula da naɗin da ya matse, a fitar da matasai da barguna masu taushi daga wurin kwanciyarsa, a mayar da shi rigingine, domin haka ake kwantar da jariri barci. Naɗin ma kada ya ɗaure cinyoyinsa a miƙe, a bar ƙugu da gwiwoyi su iya lanƙwashewa, kuma yatsunki biyu su iya shiga tsakanin zanen da ƙirjinsa. Sannan Yaya, ku tabbata an yi masa rigakafin haihuwa kafin ranar, wato allurar BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta, kada jiran hoto ya sa a ɗage zuwa asibiti.